Taya, aksil da man gas: yadda zaka gane inda tirelarka take zubar da mai

Tunda litar gas ta haye naira dubu lissafin duk mai babbar mota ya canza, lita ashirin ɗin da a da ba wanda yake waiwayarta yanzu ita ce kuɗin abincin direba da yaron mota. Kuma da zarar mota ta fara shan mai abu biyu ake fara zargi, ko nozul ko direba. Ba kasafai zaka ji wani ya ce a duba girman taya ko reshiyon aksil ba, alhali su biyun nan su ne suke yanke hukuncin sau nawa inji zai juya kafin mota ta ci kilomita ɗaya, kuma kowane juyi da mai ake biyan shi.

Bari in fara da abin da ya faru da ni, don har yau yana damuna. Akwai wani kan DAF da nake kula da shi, ya zo daga Turai da taya 315/70R22.5, da suka cinye sai muka sa 315/80R22.5 saboda su ne suka fi samuwa a kasuwa kuma suna ɗan ɗaga mota daga ƙasa. Daga nan lissafin mai ya fara nuna ƙari, na kira direban, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, nace Baba man nan fa yana tafiya inda bai kamata ba. Bai ce min komai ba sai "Allah ya sani". Sai bayan kusan wata biyu na gane mitar ce take rage kilomita saboda tayar ta fi ta da girma, man da motar take sha bai canza sosai ba, lissafina ne ya karkace. Na je na ba shi haƙuri, ya yafe, amma maganar ta riga ta fita. Shi yasa nake so duk mai mota ya iya lissafin nan da kanshi kafin ya ɗora wa wani laifi.

Abin da ya kamata ka fara riƙewa shi ne ƙarfin inji yana bi ta giyabos, ya bi farfela, wato dogon ƙarfen da yake juyawa a ƙarƙashin mota, ya shiga aksil ɗin baya, sannan ya sauka kan taya. Reshiyon aksil shi ne sau nawa farfela zata juya kafin taya ta juya sau ɗaya, in ance 4.42 to farfela ta juya sau huɗu da kusan rabi kenan. Lamba babba tana ba da ƙarfin ja amma inji yana ihu tun mota bata yi nisa a gudu ba, lamba ƙarama tana ba da gudu da ƙarancin juyi amma tashi da lodi da hawan tudu sai a hankali. Ita kuma taya ka ɗauke ta kamar giyar ƙarshe, in ka ƙara mata girma kamar ka rage lambar aksil ne, in ka rage mata kamar ka ƙara.

Mataki na farko: auna zagayen tayarka da kanka

Rubutun jikin taya yana taimakawa. 315/80R22.5 yana nufin faɗi milimita 315, tsayin gefe kashi 80 cikin ɗari na faɗin, wili kuma inci 22.5. In ka lissafa zaka samu tsayin tayar kusan milimita 1,076. Ita 315/70 tana wajen 1,013, 295/80 tana wajen 1,044, ita kuma 12.00R20 mai tib wadda Howo da yawa suke zuwa da ita tana wajen 1,125. Amma wannan na taya ce sabuwa da ba a ɗora mata kaya ba, da zarar lodi ya hau sai ta ɗan kwanta, tazarar da take ci a juyi ɗaya ta ragu.

Don haka ka samu alli da tef ɗin awo. Mota da lodinta, iska daidai, wuri shimfiɗaɗɗe. Ka ja layi a gefen tayar baya daidai inda ta taɓa ƙasa, ka ja wani a ƙasan, direba ya gangara a hankali kai kana gefe kana ƙirgawa har juyi biyar, ka sake ja layi a ƙasa, ka auna tsakanin layukan biyu ka raba gida biyar. A 315/80 zaka samu wajen mita 3.28, a 315/70 wajen 3.09, a 12.00R20 wajen 3.42. In tayar ta cinye zaka samu ƙasa da haka, kuma wanda ka auna ɗin shi ne naka, da shi zaka yi aiki.

Mataki na biyu: nemo reshiyon aksil da na giyar ƙarshe

Mafi sauƙi shi ne ƙaramin farantin ƙarfe da yake manne a jikin aksil, ka goge ƙura da baƙin mai zaka ga lambar. Matsalar ita ce motocinmu da yawa sun wuce hannu uku ko huɗu, farantin ya faɗi ko kuma an taɓa canza kayan ciki da na wata motar ba tare da kowa ya rubuta ba. In bakanike ya buɗe, ana ƙirga haƙoran babban giyan zobe a raba da haƙoran ƙaramin da yake juya shi, misali 37 a raba da 10 ya ba da 3.70. Amma a kula, aksil mai ƙarin giya a cikin hob, irin na Howo da MAN da Mercedes na aikin kwari, wannan ƙirgen kaɗai ba zai baka cikakkiyar lamba ba don akwai ragi na biyu a bakin taya. Mack ma yawanci ragi biyu yake yi amma shi a cikin kwanon yake, kuma lambobi irin 4.17 da 4.42 da 4.64 sun yi yawa a tsofaffin.

Hanyar da ni na fi amfani da ita ba sai an kwance komai ba. Ka hau hanya mai kyau, direba ya sa giyar ƙarshe ya riƙe gudu ɗaya, kai ka duba gudun a GPS ɗin waya, ba a mitar mota ba, sannan ka duba agogon juyin inji. Ka ninka juyin da zagayen taya a mita, ka raba da gudun a kilomita cikin awa, ka sake rabawa da 16.67. Abin da ya fita shi ne reshiyon aksil haɗe da na giyar da ake ciki. In giyar ƙarshen kai tsaye ce, wato 1.00, to lambar aksil ɗin kenan. In kuma obadaraib ce, wato giyar da lambarta bata kai 1.00 ba, kamar giyabos ɗin ZF mai giya 16 da take da 0.84 a sama, sai ka raba da 0.84. Kuma dan Allah kar wani ya kwanta ƙarƙashin mota yana ƙirga juyin farfela tana tafiya, ba lambar da ta kai ran mutum.

Mataki na uku, wanda shi ne zuciyar maganar

Yanzu sai ka juya lissafin. Gudu sau 16.67, a raba da zagayen taya, a ninka da reshiyon aksil, a ninka da na giya. Wannan zai faɗa maka juyin inji a kowane gudu tun kafin ka sayi taya ko ka taɓa aksil.

Mu ɗauki Howo 371 tunda ta cika hanyoyinmu. Injinta yana ba da cikakken ƙarfin jansa tsakanin juyi 1,100 zuwa 1,600, ƙarshensa kuma 2,200. Kan tirela mai aksil 4.42 da giyar ƙarshe 1.00 da taya 12.00R20, a gudun 60 injin yana wajen 1,290, a 70 yana wajen 1,510, a 80 ya kai 1,720, a 90 kuwa ya doshi 1,940. Kaga kenan motar nan tsakanin 55 zuwa 70 take jin daɗinta, da ka wuce haka allurar agogon juyin inji ta fita daga koren wurin da yake nuna inda inji yake aiki daidai kuma abu biyu ne suka haɗu maka a lokaci guda, inji yana juyin da ya wuce buƙata sannan iska tana ƙara turjiya, ita kuma turjiyar iska ba a hankali take hawa ba, in ka ninka gudu sau biyu ita sau huɗu take ninkuwa. Tifar Howo mai aksil 5.73 kuwa tun a 60 tana wajen 1,675, a 70 ta kusa 1,960. An yi ta ne don ta fito da yashi daga kwari, in ka ɗora ta kan doguwar tafiya daga Lakwaja zuwa Kano kana bin tireloli a baya to kar ka yi mamakin abin da gidan mai zai karɓa.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda ya fi ruɗa mutane. Kan DAF ko Volvo ko Scania da aka yi don manyan titunan Turai an tsara shi ne ya ja tan 40 gaba ɗaya yana tafiyar 80 zuwa 90 awa da awanni ba rami ba shingen bincike. Mu ce aksil ɗinsa 2.80 ne da giyar ƙarshe 1.00 da taya 315/70. A gudun 85 injin yana wajen 1,280, daidai inda yake so. To kawo shi nan, ka ɗora masa lodin da ya wuce abin da aka yi shi dominsa, ka bi da shi Jebba zuwa Mokwa inda da kyar zaka riƙe 60. A 60 juyin ya faɗo wajen 900. In kuma ka sa masa 315/80 irin yadda muka yi, ya koma wajen 850. A nan inji ya fara nishi, mota tana karkarwa, direba ya take totur har ƙasa ba ta amsawa, in tsohon inji ne hayaƙi baƙi yana fita, dole ya sauko giya ɗaya ko biyu, to amfanin doguwar giyar ya tafi kenan, kuma duk giyar da ba kai tsaye ba ƙarfi yana bi ta ƙarin haƙora a cikin giyabos ana asarar wani abu.

A Amurka masu harkar suna da wani ƙiyasi da suke yawan faɗa, cewa duk juyi 100 da ka rage a gudun da kake tafiya kullum yana rage maka kusan kashi 1 cikin ɗari na mai, shi yasa sababbin motocinsu suka sauko daga reshiyon aksil 3.55 da 3.70 zuwa irin 2.64 da 2.47. Gaskiya ne amma da sharaɗi, injin da giyabos da farfela duk an sake tsara su su jure wannan ƙaramin juyin, kuma hanyar tana ba da damar riƙe gudu. Mutum ya ji wannan maganar ya je ya sa wa tsohuwar Mack doguwar giya yana ɗaukar siminti ya hau Hawan Kibo, garin neman gira zai rasa ido, kuloc zai fara ƙonewa tun wajen tashi.

Saboda haka tambayar da zaka yi wa kanka ba "wace taya ce bata shan mai" ba ce. Tambayar ita ce, a wane gudu motata take kwana mafi yawan lokaci, da wane lodi, kuma a wannan gudun allura tana ina. Ka tuna ma dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa tirela da tanka 60 ne a babbar hanya mai hannu biyu, 50 a sauran manyan hanyoyi. Abin da kake nema shi ne a gudunka na kullum, a giyar ƙarshe, allura ta zauna a tsakiyar koren wurin ko ɗan ƙasa kaɗan, yadda in an zo ɗan tudu injin zai ja ba sai an canza giya nan take ba.

Mataki na huɗu: gyara lissafin mita

Mitar mota juyin taya take ƙirgawa, bata san ka canza taya ba. Daga 315/70 zuwa 315/80 bambancin kusan kashi 6 ne cikin ɗari. Mu ce tafiyar kilomita 1,100 ce ta gaskiya, mita zata nuna maka wajen 1,036. In motar ta sha lita 550, gaskiyar ita ce lita 50 a kowace kilomita 100, amma takardarka zata ce 53. Wannan lita ukun ita ta sa na yi wa dattijon nan magana. Haka kuma gudun, mita tana cewa 80 kai kuwa kana kusa da 85, ga ƙarin mai ga ƙarin tazarar birki. Tsakanin 11R22.5 da 11R24.5 na motocin Amurka ma wajen kashi 5 ne. Ko dai a kai wa mai kwamfuta ya saita sabon girman tayar, ko kuma ka riƙa ninka abin da mita ta nuna da sabon zagaye a raba da tsohon.

Mataki na biyar: tayar kanta

Girma ba shi kaɗai ba ne. Taya tana cin mai ta hanyar lanƙwasawa da miƙewa a kowane juyi, wannan zafin da kake ji in ka taɓa ta man gas ne ya koma zafi. A gudun da muke yi nan, da yake iska bata kai ta Turai tasiri ba, kason taya a shan mai babba ne ƙwarai.

Iskar cikin taya ita ce ta farko. Ƙiyasin da aka saba shi ne duk psi 10 (ma'aunin iskar taya) da ya ragu a tayoyin mota yana ƙara wajen kashi 1 na mai, ban da cin taya da fashewa. Bugun taya da ƙarfe ko sanda zai gaya maka wadda ta sace gaba ɗaya ne kawai, ba zai bambance 120 da 100 ba, ka sayi geji naka ka ajiye a mota don na mai faci wani lokaci ya gaji. A auna da safe taya tana sanyi, kuma in rana ta take iska ta hau saboda zafin kwalta kar a rage, haka aka yi ta, in ka rage to da daddare zata koma ƙasa da yadda ya kamata. Adadin yana rubuce a gefen tayar tare da nauyin da zata iya ɗauka.

Sai zane. Taya mai manyan haƙora ta fi mai miƙaƙƙen layi cin mai da ɗan kashi biyu zuwa huɗu. Tana da amfani a aksil mai ja musamman da damina ko hanyar ƙauye, amma sa ta a ƙafafun bodi da ba sa ja asara ce kawai. Tubles kuma ta fi mai tib sauƙin nauyi da ƙarancin zafi, sai dai komawa daga 12.00R20 zuwa 315/80 yana rage zagaye da wajen kashi 4, juyin injinka zai hau da wannan gwargwado, Howo ɗin da take 1,510 a gudun 70 zata koma wajen 1,570. Ka sa wannan a lissafi.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne haɗa tayoyi barkatai. Biyun da suke manne da juna bai kamata tsayinsu ya bambanta da fiye da milimita 6 ba, in ya wuce haka babbar ce take ɗaukar kayan tana zafi, ƙaramar kuma ana jan ta tana gogewa a kwalta duk tsawon tafiyar. Haka a mota mai aksil biyu masu ja, in na gaba yana da sababbi na baya yana da cinyayyu, giyan da yake raba ƙarfi tsakaninsu baya hutawa. Ka zagaya su da tef ka haɗa masu kama da juna. Alayimin, wato saitin ƙafafu, ma haka, bodin da yake tafiya a karkace kamar kana jan buhu ne a ƙasa daga Legas har Maiduguri.

Mataki na shida: shin canza aksil zai biya kanshi?

Yawanci amsata ita ce a'a sai in bambancin babba ne, kamar tifa da ta koma doguwar tafiya dindindin ko kan Turai da bai taɓa ganin giyarsa ta ƙarshe ba. Yi lissafi, in tafiya ɗaya lita 550 ce kuma gyaran zai rage kashi 3, lita 16 da rabi kenan, ka ninka da yawan tafiyarka a shekara da kuɗin lita, ka kwatanta da kuɗin kaya da aikin bakanike da kwanakin da mota zata tsaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sanda aksil ɗin ya riga ya lalace dole sai an saya, a nan zaɓen reshiyon da ya dace kusan kyauta ne. Amma ga gargaɗi mai nauyi, mota mai aksil biyu masu ja dole lambarsu ta zama ɗaya sak. In aka ɗauko ɗaya daga kasuwar gwangwan aka jona 4.42 da 4.80, motar zata tashi ta tafi kamar lafiya, amma giyan tsakiya yana ta cin kanshi har ya watse a hanya. Ka tsaya a ƙirga haƙoran a gabanka kafin ka biya.

Mataki na ƙarshe: gwaji na gaskiya

Ba girin-girin ba dai ta yi mai, duk lissafin nan sai hanya ta tabbatar. Cika tanki har baki a wuri shimfiɗaɗɗe, rubuta kilomita ta GPS, yi tafiyar, sake cikawa har baki, ka raba lita da kilomita ka ninka da 100. Tafiya ɗaya bata isa ba don iskar hunturu ko cunkoson kwana ɗaya a hanya zai iya ɓoye bambancin kashi uku, ka yi uku kafin canji uku bayan canji, hanya ɗaya, lodi kusan ɗaya, direba ɗaya, kuma abu ɗaya zaka canza a lokaci guda, in ka sa sabuwar taya ka gyara nozul a sati ɗaya bazaka taɓa sanin wanne ya yi aikin ba. A rubuta har awannin da inji ya yi yana aiki mota a tsaye, don babban inji yana shan wajen lita 3 a awa ko bai motsa ba, kwanan Tafa da inji a kunne ya isa ya cinye duk abin da ka samu daga taya. Littafin ya zauna a mota, direba ya rubuta da hannunsa, in an dawo ku zauna tare ku duba, shi ne yake jin nishin injin a tudu kuma shi zai gaya maka a wace giya motar take kwana.